Ranar da Na Mayar da Kakata Bakanuwa

Kawuna, wan mahaifiyata, ya shafe shekaru masu yawa yana aikin buga takardu a wani ofishi a Filinge. Da ya ajiye aiki sai ya sayi tsohon keken rubutu, ya kafa tebur a inuwar wani dogon yaro kusa da kasuwa, yana rubuta wa mutane wasiƙu da takardun koke. Mafi yawan aikinsa da Faransanci yake yi, amma ranar Lahadi, idan kasuwa ta cika, akan sami tsoho daga Shikal ko Tukunus da zai ce a rubuta wa ɗansa da ke Legas ko Kumasi wasiƙa da Hausa, don kada sai an nemi tafinta sirrin gida ya fita. Keken kawu ba shi da ɓ, ba shi da ɗ, ba shi da ƙ. Abin da yakan yi shi ne ya buga b da d da k yadda suke, ya zare takardar, ya miƙo mini tare da bik, ni kuma in bi layi-layi ina yi wa haruffan da suka cancanta ƙugiya.

Shekarata goma a lokacin, kuma wannan shi ne aikin nazarin harshe na farko da na taɓa yi, ko da yake ban san sunansa ba. Wata rana na tsallake ƙugiya ɗaya, kawu ya nuna mini wurin da farce ya ce, «Kai yaro, duba nan. Mutum ya ce ɗansa ya zo fada, ko ya zo faɗa? In ka sa ƙugiya inda babu ita ka haɗa rigima, in ka bar ta inda take ka ɓata saƙo.» Daga baya ya ƙyale ni ina taɓa keken idan ba mutane. A kansa yatsuna suka koyi hanya, kuma hanyar da suka koya ita ce ta Faransawa, wadda ake kira AZERTY saboda haruffa shida na farkon layin sama.

Na yi karatun lisansi a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai ban taɓa jin cewa wannan tsari zaɓi ne cikin zaɓuɓɓuka ba, domin duk kwamfutar da na taɓa haka take. Sai da na zo Sakkwato karatun digiri na biyu na gane. Ranar farko da na zauna gaban kwamfuta a nan, na fara rubuta takarda ba tare da duba maɓallai ba, kamar yadda na saba. Da na ɗaga kai sai na ga maimakon malam na rubuta ;qlq; kuma wata ta koma zqtq. A tsarin QWERTY da ake amfani da shi a Nijeriya, a da q sun yi musayar wuri, haka w da z, ita kuwa m ta sauko layin ƙasa. Duk wanda ya san yawan a da w da m a cikin Hausa ya san irin ɓarnar da wannan zai yi. Abokan karatuna suka yi ta dariya, har yau akwai mai kirana Zqtq idan ya so tsokana, ko da yake shi ma bai san yadda ake furta sunan ba.

Hanya biyu ce a gabana: ko in sake koya wa hannuna, ko in tilasta wa na'ura ta bi hannuna. Na ɗauki ta biyu. Da tsohuwar kwamfutar da na zo da ita daga Yamai ta mutu, na sayi wata ta hannu a nan, mai maɓallan QWERTY, na shiga cikin saitinta na ce ta riƙa fassara su da tsarin Faransa. Tun daga ranar abin da ke rubuce a kan maɓalli daban, abin da ke fitowa a allo daban. Ni ban damu ba tunda ba na dubawa. Amma duk wanda ya ari kwamfutar ba ya minti biyu yake dawo da ita yana tambaya ko aljanu ne a ciki.

Matsalar haruffa masu ƙugiya kuwa ta girmi kawuna, balle ni. A shekarun 1930 aka tsayar da ɓ da ɗ da ƙ a rubutun boko a Arewacin Nijeriya, bayan an daɗe ana gwada ɗigo a ƙarƙashin harafi ko waƙafi a gefensa. Aka yi taron Bamako a 1966 ƙarƙashin UNESCO, aka yi na Yamai a Janairun 1980 domin daidaita rubutun Hausa tsakanin ƙasashen biyu, sannan a Oktoban 1999 Ma'aikatar Ilimi ta Nijar ta fitar da doka mai lamba 212-99 wadda ta tsayar da ƙa'idojin rubutun Hausa a ƙasar. A can muna da ƙugiya ta huɗu, wato ƴ, inda a nan ake rubuta 'y, kamar yadda nake yi a wannan mujalla don bin ƙa'idarta. Duk waɗannan tarurruka sun yanke yadda harafi zai kasance a takarda, amma wanda zai buga shi an bar shi da na'urar da aka ƙera domin wani harshe. An yi yunƙurin gyara. Michael Mann da David Dalby sun tsara allon maɓallai na keken rubutu domin harsunan Afirka a farkon shekarun 1980, suka sa masa sunan Yamai, kuma don haruffan su sami wuri sai da suka sadaukar da manyan baƙaƙe gaba ɗaya. Irin wannan keke bai taɓa isowa teburin kawuna ba.

Da kwamfuta ta zo, dabarar farko ita ce a zana sabon salon haruffa, a ɗora ƙugiyoyin a kan maɓallan da Hausa ba ta bukata. Malamanmu da yawa sun rubuta kundayensu da salon Rabi'at wanda Farfesa Abdalla Uba Adamu ya samar, kuma ya yi wa rubutun Hausa hidima babba a zamaninsa. Shi ya sa idan ka buɗe tsohon kundi a kwamfutar da ba ta da salon, sai ka ga }asa a madadin ƙasa, ]aya a madadin ɗaya, ~era a madadin ɓera: a cikin fayil ɗin baka ce ko wata alama, salon ne kawai ke yi mata riga. Tsarin Yunikod, wanda ya fara fitowa a farkon shekarun 1990, shi ya ba kowane harafi lambarsa ta dindindin: ɓ tana da 0253, ɗ 0257, ƙ 0199, ƴ kuma 01B4. Harafin ya sami gida, amma har yanzu ba shi da ƙofa a kan allon maɓallai, sai wadda mutum ya huda da kansa.

Ƙofata ta farko ita ce wadda ɗalibai da yawa kan fara da ita: tunda Hausa ba ta amfani da q da v da x, sai na mayar da su ƙ da ɓ da ɗ. Dabarar ta yi mini daɗi har ranar da na rubuta takardar neman tallafin karatu da Faransanci, na aika ban karanta ba, kowace que ta zama ƙue, kowace avec ta zama aɓec. Bayan wannan kunya na koma ga manhajar Keyman, wadda aka fara ƙirƙira domin harshen Lawo, yanzu kuma ƙungiyar SIL ke kula da ita kyauta. A kusurwar hagu ta sama a tsarin Faransa akwai wani maɓalli mai fitar da ƙaramin 2, wanda ban taɓa ganin amfaninsa ba. Na mayar da shi maƙulli: in na taɓa shi na bi da b sai ɓ ta fito, haka sauran. Tsarin Faransa ma ya yi mini wata rana, domin à da è da ù suna nan a shirye, ga kuma hular da muke ɗora wa wasali mai faɗaɗɗen karin sauti.

Daga baya na karanta cewa wannan ɗabi'a tawa tsohuwa ce a duniyar masu aiki da kwamfuta. A zamanin gingima-gingiman kwamfutocin IBM, waɗanda guda ɗaya ke cika ɗaki, ɗaruruwan ma'aikata kuma suna jone da ita ta allunansu, akwai manhajar gyaran rubutu mai suna XEDIT da ta fito a 1980. Allunan suna da maɓallai na musamman, goma sha biyu ko ashirin da huɗu, waɗanda ba su da tsayayyen aiki sai wanda aka ɗora musu. Kowane ma'aikaci yana da ɗan fayil nasa da manhajar ke karantawa duk lokacin da ya buɗe ta, a ciki yake faɗin abin da kowane maɓalli zai yi masa, yakan kuma rubuta jerin umurni da harshen REXX ya dunƙule su a maɓalli ɗaya. Wannan dunƙulallen umurni shi ake kira makro. Sabo ya kama mutanen nan har da ƙananan kwamfutoci suka zo sai da aka yi musu KEDIT mai kwaikwayon tsohuwar, don kada yatsunsu su yi maraici. Haka manhajar vi da Bill Joy ya rubuta a 1976: har gobe masu amfani da ita da h da j da k da l suke motsa alamar rubutu, saboda kawai allon da ya yi aiki da shi yana da kibiyoyi a kan waɗannan haruffa. Allon ya daɗe da shiga gidan tarihi, sabon yana nan.

Ni ma na yi makro nawa. Sau da yawa nakan yi rubutu a waya ko a kwamfutar wani, inda babu maƙullina, sai in sa b' da d' da k' a madadin ƙugiya. Na rubuta umurnin da zai bi takarda daga sama har ƙasa ya mayar da su ɓ da ɗ da ƙ, ya share tazarar da ta yi yawa, sannan ya adana fayil. Na ɗora shi a maɓallin F9, na sa masa suna Gyara. Aikin da nake yi wa kawu da bik cikin rabin sa'a, yanzu ƙiftawar ido ne. Cikin 'yan watanni yatsana ya saba, ko sakin layi ɗaya na rubuta sai ya kai kansa F9 ba tare da na umurce shi ba, kamar yadda mai tasbaha ke ja yana hira.

Binciken kundina a kan Hausar gida yake, wadda littattafai ke kira Kurfayanci, mu kuma muke cewa Kurhwayanci. Ƙasar Kurhwai tana cikin kwarin Dallol Boso, a jihar Tilaberi, kimanin kilomita 180 arewa maso gabas da Yamai, tsakanin Zabarmawa da Buzaye da Fulani, nesa da sauran ƙasar Hausa ta gabas. Malka ya taɓa kwatanta furucin Hausar Filinge da na Daidaitacciyar Hausa a mujallar Harsunan Nijeriya, ni kuma tambayata ƙarama ce: shin matasa na barin furucin iyayensu? Na zaɓi abubuwa uku da zan ƙidaya. Na farko hw a inda Kano ke da f, kamar hwari da hwara da hwaɗi. Na biyu c' a inda ake da ts kafin wasalin gaba, kamar c'inke. Na uku kalmar ɗiya, wadda daga irinta ne 'ya ta Kano ta samo asali. Abin dariya a nan shi ne, harafin ƴ da na sha wahalar nema wa maɓalli, da wuya tsofaffinmu su ba ni dalilin taɓa shi.

A bazarar 2023 na je gida na ɗauki muryar mutum goma sha ɗaya, tsofaffi shida, matasa biyar. Ban shiga ƙauyuka da nisa ba saboda halin tsaro da yankin ke ciki, na tsaya a gari da kewayensa. Ta ƙarshe da na ɗauka ita ce kakata, mahaifiyar uwata. Ta dubi wayar da na ajiye a kan tabarma ta ce, «Maigida, wanga abu naka shina jin Hausa, ko sai nasaranci?» Na ce yana ji, Kaka. Ta ce to bari ta ba shi labari, tunda mijin nata ya tafi boko ya bar ta ba cefane. Ta yi kusan minti arba'in tana ba da labarin farin 1984: yadda shanu suka ƙare, yadda maza suka watse kudu, yadda ta riƙe 'ya'ya bakwai da ganye da ɗan abin da ake rabawa. Na dawo Sakkwato na zauna na rubuta hirarrakin kalma-kalma, kusan wata uku ina yi.

A nan ne zan faɗi abin da na fi jin nauyin faɗa. Tun zuwana nake fama da Hausar gida tana tsallakowa cikin takardun da nake miƙa wa malamai. In rubuta hwarko, in rubuta ɗiya, a ja mini jan layi. Gyaran daidai ne, domin takardar ilimi da Daidaitacciyar Hausa ake rubuta ta. Amma ni abin ya wuce gyara a zuciyata, ya zama kunya, irin ta baƙauye a cikin birni. Wani dare, ina shirin miƙa wata takarda, na buɗe Gyara na ƙara masa layi uku: hw ta koma f, c' ta koma ts, ɗiya ta koma 'ya. Na ce daga yau na huta da jan layi. Ban sake tunawa da waɗannan layuka ba, domin amfanin makro ke nan, ya ɗauke maka tunani.

Wata biyu bayan haka na tattara hirarrakin goma sha ɗaya a fayil guda don in kai wa malamin da ke duba aikina. Na daidaita lambobin layi, na gyara kanun shafi, yatsana ya tafi F9. Ba na ma iya tuna lokacin da ya tafi. Fayil ya adanu a kan na asali. Da safe na kwafe shi a kan wanda ke cikin filashi, don in tabbatar ina da sabon kwafi a wuri biyu, na goge tsofaffin guntaye don kada su rikita ni.

Malam ya riƙe takardun mako guda. Da na je ofishinsa ya buɗe shafin hirar kakata, ya cire tabarau ya ce, «Wannan baiwar Allah, a wace unguwa take a Kano?» Na ce, «Malam, ai kakata ce, ba ta taɓa wuce Yamai ba.» Ya ce, «To ta iya Kananci fiye da ni. Shafi tara, ban ga hw ko ɗaya ba. Kuma mene ne 'yana bakwai?» Na karɓi takardar na duba. A Hausarmu ɗiya na nufin 'ya mace, da wani karin sautin kuma tana nufin 'ya'ya. Kaka ta ce ɗiyana bakwai, Gyara ya mayar da shi abin da ba Hausar kowa ba. Har sunan ƙasarmu bai tsira ba, duk inda ta ce Kurhwai ya zama Kurfai. Na ji gumi yana bin bayana. Malam bai yi faɗa ba. Ya ce in zauna, ya tambaye ni yadda aka yi, na faɗa masa. Ya yi shiru, sannan ya ce, «Garin neman gira ke nan. Kana da muryoyin?»

A hanyar komawa ɗaki na fara lissafin yadda zan juya umurnin, in ce kowace f ta koma hw. Kafin in isa na gane ba zai yiwu ba. Ba kowace f da ke cikin fayil ɗin ce ta fito daga hw ba. Wasu matasan da f suka furta tun asali, wasu sukan yi hw a wata kalma su yi f a wata, kuma wannan bambancin shi ne binciken nawa ɗungurungum. Na'ura ta haɗe abu biyu sun zama ɗaya, babu wata alama da ta rage da za ta nuna wanne ne wanne. A aji mun karanta ƙa'idar da Labov ya jingina wa Paul Garde, cewa idan ƙwayoyin sauti biyu suka haɗe a harshe, ba a iya raba su ta hanyar harshen kansa, domin mai magana ba shi da abin da zai gane asalin kowace kalma da shi. Na haddace ta don jarrabawa na ci maki. Ranar na fahimce ta. Abin da kan ɗauki al'umma zuriya biyu ko uku, ni na yi shi da yatsa ɗaya cikin daƙiƙa guda.

Muryoyi tara suna nan. Biyu babu. Wayata ba ta da wuri sosai, kuma da na gama rubuta hirarrakin ƙarshe na goge sautinsu don in sami sarari, da tunanin ai na riga na rubuta, kuma in bukata ta taso gida ba nisa. Ɗaya ta wani matashi ce mai sayar da katin waya, ɗayar ta kakata. A ƙarshen Yulin 2023 aka yi juyin mulki a Yamai, iyakar Nijeriya da Nijar ta rufe, ba a buɗe ta ba sai a Maris na 2024. A cikin wannan tsakani, bayan an cire amfanin gona, Allah ya yi wa Kaka rasuwa. Ta waya aka gaya mini, bayan an dawo daga maƙabarta. Matashin na sake samunsa daga baya. Ita kuwa abin da ya rage mini na maganarta shi ne shafi tara da Hausar da ba tata ba.

Na sake rubuta tara ɗin daga sauti, wannan karon da manhajar ELAN, inda kowace jimla ke ɗaure da daƙiƙar da aka furta ta. A cikin wannan aiki na gano abin da ya fi ɓarnar makro tayar mini da hankali. Akwai hira ɗaya da na taɓa aika wa wani aboki tun kafin hatsarin, don haka rubutunta na farko ya tsira. Na kwatanta shi da sabon, sai na ga wurare da dama inda tsohon ya furta hw ƙarara amma na rubuta f, tun babu wani Gyara da ya taɓa takardar. Kunnena ya ji daidai, domin da wannan furuci aka yi mini rawar jego. Hannuna ne ya rubuta abin da makaranta ta saba masa. Ashe layuka ukun da na ƙara wa makro sun daɗe a cikin yatsuna, na'ura ta yi su ne kawai da sauri kuma ba ta tsallake ko ɗaya. Hausawa sun ce sabo turken wawa. Na ɗauka ina horar da kwamfuta ta bi ni, ban tsaya na tambayi inda ni kaina na dosa ba.

Ban daina gyara maɓallai ba, kuma ba zan ba kowa shawarar ya daina ba. Wanda zai rubuta kundi mai shafi ɗari biyu da Hausa yana neman ƙ a cikin jerin alamomi duk lokacin da ya bukace ta, zai gaji ya fara barin ƙugiya, kuma mun ga inda wannan ke kai rubutu. Amma ga abin da na koya, ko zai amfani waɗanda ke shirin fita aikin fili. Akwai umurnin da ke sauya siffar harafi kawai, kamar k' zuwa ƙ, wanda ana iya juya shi a koma inda aka fito. Akwai kuma wanda ke yanke hukunci a kan harshe, kamar hw zuwa f, wanda ba ya juyuwa. Kada su zauna a maɓalli ɗaya, kuma na biyun kada a ba shi maɓalli sam, a bar shi inda sai an neme shi da gangan. Kada makro ya riƙa adana fayil da kansa. Rubutun farko na hira a kulle shi, a yi aiki a kan kwafi, daidaitaccen rubutu kuma ya zauna a layinsa daban a ƙarƙashin na furuci. A kula da waƙafin sama, domin iri daban-daban ne a Yunikod masu kama da juna a ido, kuma manhajar rubutu kan musanya ɗaya da wani ba ta faɗa ba, sai ka nemi c' ko 'y ka sami rabinsu. Haka à tana iya zama harafi guda ko harafi biyu da aka ɗora wa juna, mai ƙidaya kuma ba zai haɗa su ba sai an daidaita. Sauti kuwa ba a goge shi, ko da za a goge duk hotunan da ke cikin waya.

Na tambayi Malam ko zan iya maido da hirar Kaka daga ƙwaƙwalwata, tunda na san yadda take magana kamar yadda na san sunana. Ya ce zan iya, amma ba za ta shiga ƙidaya ba, domin abin da zan rubuta shi ne yadda nake tsammanin ta faɗa, kuma na riga na ga abin da tsammanina ke yi. Gaskiya ya faɗa. Kundina zai fita da mutum goma, tsofaffi biyar da matasa biyar, wanda ya ce ma ya fi daidaito a lissafi.

Da aka buɗe iyaka na je gida gaisuwa, na tafi da shafukan tara. Kawu ya tsufa, idonsa ya yi rauni, keken rubutun yana ƙarƙashin gado a lulluɓe da tsohon zane. Na ba shi labarin duka. Ya yi dariya har da tari, ya ce, «Wato injin naka shi ka sa ƙugiya da kansa, shi kuma ka cire mutane.» Sannan ya ce in karanta masa. Na fara karantawa, ina isa inda aka rubuta fari ya ɗaga hannu ya ce, «A'a. Inna ba ta cewa haka.» Na ciro bik na ja layi, na rubuta hwari a sama. Muka bi shafukan har la'asar, shi yana tsayar da ni, ni ina gyarawa, mahaifiyata tana daga bakin ƙofa tana sa baki idan mun yi gardama. A wurare uku su biyun suka saɓa, na rubuta duka biyun. Takardun suna cikin jakata yanzu, ba za su shiga kundi ba. Allah ya jiƙan Kaka, ya sa ta huta.